Finafinan da Ba a Bari Su Wuce: Yadda Ake Zaɓe a Zabori da Iyakar Gaya

A garuruwan iyaka na kudancin jihar Dosso, zance biyu ne ba sa ƙarewa a fadar samari idan an ɗora butar shayi: kokawa da fim. Na kokawa yana da sauƙin yankewa, domin wanda ya kayar ya kayar, kuma jihar tana da gwanin kokawa Issaka Issaka da za ta yi tutiya da shi. Na fim kuwa ba shi da alƙali. Wani zai ce duk wanda bai ga Sangaya ba bai san fim ɗin Hausa ba. Wani ya ce ai tun da Ibro ya rasu dariya ta yi ƙaranci. Na uku ya zaro waya ya nuna Baahubali da aka juya zuwa Hausa, ya ce a kawo masa wanda ya fi shi. Mata a cikin gida su ma suna da nasu jerin, kuma sau da yawa sun fi maza riƙe sunayen 'yan wasa da sanin a kashi na nawa abu kaza ya faru.

Zabori na cikin waɗannan garuruwa. Ƙaramar hukuma ce ta karkara, wadda a da take ƙarƙashin gundumar Gaya kafin a yanke gundumar Dioundiou a 2011. Jihar Kebbi ta Najeriya tana gabas da ita, ba nisa. Can kudu kuma ga Gaya a bakin kogin Kwara, tana kallon Malanville ta Jamhuriyar Benin a ɗaya ƙetaren. A irin wannan yanki naira da sefa suna kwana aljihu ɗaya, Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci suna haɗuwa a kasuwa ɗaya, kuma duk abin da ya yi tashe a Kano ba ya daɗewa bai iso ba.

Abin lura shi ne, idan aka tattara finafinan da ake yawan ambata a wannan gardama, kusan duka daga birane biyu suke fitowa: Kano da Mumbai. Yamai, babban birnin ƙasar, wadda ta ba Afirka wasu daga cikin manyan masu shirya fim na farko, ba kasafai ake jin sunanta ba. Ba wai masu kallo ba su san abu mai kyau ba ne. Mutum yana zaɓa ne daga cikin abin da ya iso gabansa, kuma hanyar da fim ke biyowa zuwa Zabori ita ce take yanke rabin hukuncin tun kafin a fara gardamar.

Hanyar da fim ke biyowa

Gidan silima abin birni ne. Kano ta samu Rex tun 1937, daga baya aka yi su Palace da Plaza da Orion. Yamai da Maradi da Damagaram ma sun yi nasu. Mutumin karkara kuwa sai da bidiyo ta zo ya samu rabonsa: ɗaki ko rumfar zana, bencina, talabijin guda, janareto yana ruri a baya, yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Kaset ɗin daga Ƙofar Wambai da Bata a Kano yake tasowa, ya bi motocin 'yan kasuwa ta Sakkwato da Birnin Kebbi da Kamba, ko ya shigo ta Maradi da Birnin Konni, ya sauka a kasuwannin mako-mako tare da atamfa da batir da takalman roba. Bayan kaset aka yi zamanin faifan CD, wanda ya fi araha, ya kuma fi sauƙin kwafa. Wannan sauƙin kwafar shi ne ya karya kasuwar masu shirya fim ɗin kansu.

Yau mai tura fim ne ya gaji dukkan waɗannan. Shagonsa ba ya wuce tebur ɗaya da kwamfuta, da farantin hasken rana a kan rufi, da jerin wayoyin da aka kawo caji, kowace da lambarta. A cikin kwamfutar ya ware komai daki-daki: finafinan Hausa, Indiya-Hausa, barkwanci, wa'azi, waƙoƙi, kokawa. Yaro zai miƙo waya ko ɗan katin memori ya ce, «Maigida, sabon Labarina ya fito?» Idan ya fito, cikin 'yan mintoci an zuba masa. Idan bai fito ba, mai shagon ne zai ce ga wani mai kyau, gwada wannan. Daga wannan waya fim ɗin zai bi ta Xender ko Bluetooth ya shiga wayoyi da yawa kafin dare, ba tare da an sayi data ba. Ta haka mai tura fim ya zama shi ne mai tace abin da gari zai kalla, ko da bai san yana yi ba. Abin da bai sauko da shi daga intanet ba, ko bai karɓo wurin abokin sana'arsa na Gaya ko Kamba ba, to garin bai gan shi ba.

An ga ƙarfin wannan hanya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. An rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, gadar Gaya da Malanville ta daina ɗaukar manyan motoci, mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar. Shinkafa da magani sun yi tsada a wancan lokaci, amma shirye-shiryen Kano ba su daina isowa ba, domin katin memori ba ya buƙatar takardar kwastan, waya kuma rana ce ke cajinta.

Gadon Indiya

Tsofaffin da suka yi yawon birni a ƙuruciyarsu, da Indiya suke fara lissafi. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa, suka kuma ga sun fi na Amurka karɓuwa. Dalilin a fili yake. Mai kallo bai jin yaren, amma yana gane auren dole, da biyayya ga iyaye, da kunyar budurwa a gaban saurayi, da talaka mai son 'yar mai kuɗi. Yana ganin rawani da mayafi da tulu a ka, abubuwan da ba baƙi ba ne a wurinsa.

Mother India, wanda ya fito a 1957, shi ne uban wannan jeri. Nargis ta fito a matsayin Radha, matar manomi da bashin mai ba da rance da ruwa ya yi wa katutu, miji ya tafi ya bar ta, ambaliya ta cinye gona, ta ja garma da kanta don ta ciyar da 'ya'yanta. A ƙarshe ta harbe ɗan cikinta domin ta kare mutuncin 'yar mutumin da ya zalunce ta. Duk manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka, ba ya buƙatar tafinta kafin ya fahimci wannan labari.

Bayansa akwai Sholay na 1975, da Amitabh Bachchan da Dharmendra da mugun nan Gabbar Singh wanda Amjad Khan ya taka. Akwai Disco Dancer na Mithun Chakraborty a 1982. Sai zamanin Shah Rukh Khan da Kajol, da Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995 da Kuch Kuch Hota Hai a 1998. Hausawa sun mai da waɗannan jarumai 'yan gida har suka raɗa musu sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Yaran yau kuwa ba su san wahalar kallon fim ba tare da jin magana ba. Kamfanonin fassara na Kano, waɗanda Algaita ta fi shahara a cikinsu, suna ɗora muryoyin Hausa a kan finafinan Indiya, har da karin magana da salon 'yan birni. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga finafinan kudancin Indiya masu faɗa da yaƙi, irin su Baahubali na S. S. Rajamouli wanda ya fito a 2015, aka san jaruminsa Prabhas a ƙauyukan da ba a taɓa gina silima ba. Akwai darasi a nan wanda ya kamata a riƙe: fim na kowace ƙasa, da zarar ya yi magana da Hausa, ya samu kasuwa daga Kano har Gaya.

Zamanin Kano

Kafin bidiyo akwai Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kuma wasannin talabijin irin na Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Amma masana'antar da ake kira Kannywood ta faro ne a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset. Finafinan farko da dama daga littattafan soyayya aka ciro su, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa.

Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, shi ne ya juya akalar kasuwar. Labarin ba mai sarƙaƙiya ba ne: ɗan sarauta da yarinyar da ke aiki a gidansu. Amma Ali Nuhu da Fati Muhammad sun dace da juna, waƙoƙin da aka yi da kiɗan fiyano kuma suka shiga gidajen biki da bakin yara a ko'ina. Daga nan kowane furodusa ya gane cewa waƙa tana sayar da kaset. A 2000 Wasila ya biyo baya, wanda Yakubu Lere ya ɗauki nauyi, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya taɓo cin amanar aure ta yadda aka daɗe ana muhawara a kansa. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, kuma tun daga lokacin ja-in-ja tsakanin 'yan fim da malamai da hukuma bai taɓa yankewa ba.

Wanda yake neman fim ɗin da aka zauna aka tsara labarinsa, yawanci wurin Aminu Saira ake tura shi: Jamila da Jamilu, Ga Duhu Ga Haske, Ɗan Marayan Zaki. Shi ne kuma ya zo da Labarina a 2020, a daidai lokacin da kasuwar faifai ta mutu, masana'antar ta koma shiri mai dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riga ta share fage da Daɗin Kowa, sannan ta kawo Kwana Casa'in a 2019, inda Sani Mu'azu ya zama Gwamna Bawa Maikada na jihar Alfawa, jihar da babu ita a taswira amma kowa ya gane siyasarta. A YouTube kuma Izzar So na Lawan Ahmad ya tara jama'a mako-mako. Wannan sauyi ya canza tambayar kanta. A da cewa ake yi wane fim ka gani. Yanzu cewa ake yi a wane kashi kake.

Shi kuwa Rabilu Musa Ibro, babinsa daban ne. Mutumin Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa gaba ɗaya, ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014. Abin da ya sa karkara ta riƙe shi fiye da kowa shi ne bai fito daga gidan bene da mota ba. Ibro talaka ne mai wayon da kullum ke juyowa kansa: mai bashi yana binsa, mata tana yi masa tsiya, ya shiga birni ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, ya dawo yana cika baki. Duk abin da ya yi tashe, waƙa ce ko rawa ko sabon yayi, sai ya ɗauko shi ya murɗe shi ya mai da shi abin dariya. Mai kallo a Zabori yana iya sha'awar falon da ake nunawa a finafinan soyayya, amma a finafinan Ibro ne yake ganin maƙwabcinsa. Shekaru sun wuce da rasuwarsa, har yanzu da wuya a samu kwamfutar mai tura fim da babu shi a ciki.

Me ke sa a so jarumi?

Wani saboda daɗewa da riƙe mutunci ake sonsa. Ali Nuhu, wanda aka haifa a Maiduguri a 1974, ya fara da saurayin soyayya, ya zama uba a fim, ya yi finafinan kudancin Najeriya, ya fito da matasa da dama a kamfaninsa na FKD, har aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a watan Janairu na 2024. Wani saboda rawa da waƙa da ƙwalisa, kamar Adam A. Zango da Sani Danja. Wani saboda yana iya sauya kama, yau sarki gobe mahaukaci jibi ɗan ƙauye, kamar Sadiq Sani Sadiq a Mati a Zazzau, ko Rabi'u Rikadawa wanda Baba Ɗan Audu na Labarina ya sa mutane suna tsine masa suna dariya a lokaci guda.

Wasu kuma mutuwa ce ta kafe su a zukata suna kan ganiyarsu. Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu 2007. Hauwa Ali Dodo, wadda aka fi sani da Biba Problem, ita ma a hanya ta rasu, ranar 1 ga Janairu 2010. Waɗanda suka yi ƙuruciya a wancan zamani ba sa lissafin gwanaye su tsallake su.

A ɓangaren mata lissafin ya fi saurin canzawa, domin da yawa aure ke ɗauke su daga fim a lokacin da suka fi haske. Waɗanda suka daɗe, kamar Hadiza Gabon da Nafisa Abdullahi da Rahama Sadau, sun yi haka ne da jure surutu mai yawa. Su kuwa iyayen fim, irin su Hajara Usman da marigayiya Zainab Booth, ba a cika sa hotonsu a gaban fasta ba, alhali su ne ke riƙe gidan da labarin yake faruwa a ciki. Masana'antar kuma ba ta 'yan Najeriya kaɗai ba ce. Hadiza Gabon a Libreville aka haife ta. Fati Nijar, wadda muryarta ta cika finafinai masu yawa, 'yar Maradi ce. Rakiya Moussa ma daga Nijar ta je. Mai kallo a jihar Dosso yana da dalilin jin cewa da shi a cikin wannan gida.

Akwai wata alama ta cewa ɗan wasa ya kai: sunan fim ya danne na yanka. Mutane ƙalilan ne za su gane Sani Idris idan ba a ce Moɗa ba, ko Ɗan'azumi Baba idan ba a ce Kamaye ba. Sai dai abin yana da ɗaci. Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a watan Afrilu na 2024, ta shafe shekaru tana fitowa a muguwar uwar miji ko kishiya mai makirci, har wasu masu kallo suka ɗauka halinta ke nan. Wanda ya iya sa jama'a su tsane shi a allo gwani ne, kuma ya cancanci a lissafa shi cikin gwanaye kamar yadda ake lissafa mai sa su kuka.

Na gida da ba su iso ba

Wannan ɗacin, wata 'yar Nijar ta riga Daso ɗanɗanarsa da shekaru masu yawa. Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947, tana cikin matan Afirka na farko da suka riƙi wasan fim a matsayin sana'a. Ta fito a matsayin mace mai taurin kai da muguwar kishiya a lokacin da jama'a ba sa bambanta wasa da gaske, ta sha zagi da tsangwama saboda haka. Rahmatou Keïta ta shirya fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi. Ta rasu a 2021. Matasa nawa ne a Gaya ko Zabori, waɗanda suka haddace sunayen jaruman Mumbai, suka taɓa ganin fuskarta?

Tarihin da take cikinsa ba ƙarami ba ne. Oumarou Ganda, wanda aka haifa a 1935, ya yi aikin soja a yaƙin Faransa a Indocin, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abidjan, inda mai shirya fim Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Da ya dawo gida ya riƙe kyamara da kansa. Fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗin sallama, abokai da maroƙa da mata suka kewaye shi, kuɗin suka ƙare, kowa ya watse, ya rasa aikin da zai yi wanda bai zubar masa da girma ba. A yankin da kusan kowane gida yake da ɗan ci-rani a Legas ko Kwatano ko Abidjan, wannan labari bai tsufa ba ko kaɗan.

Sai Le Wazzou polygame. Wani Alhaji ya dawo daga Makka da suna da kuɗi, ya ɗora ido a kan Satou, yarinyar da aka riga aka yi wa saurayinta Garba alkawari. Iyaye suka karkata ga mai hannu da shuni. Ɗaya daga cikin matan Alhajin kishi ya rufe mata ido, ta shirya kashe amarya a daren biki, sai ta kuskure ta kashe wata daga cikin ƙawayenta. Auren dole, kishi, fakewa da addini don biyan buƙatar kai: duk abubuwan da Kannywood ta zo tana juyawa daga baya suna nan. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, Étalon de Yennenga, a 1972, shekara 18 kafin Turmin Danya. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, kuma FESPACO tana ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko.

Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, shi ma jigo ne. Yana cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane mai motsi a Afirka. A Le Retour d'un aventurier na 1966, wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, suka hau dawakai suka addabi garinsu. Wato tun a lokacin ya hango abin da kwaikwayon fim ɗin waje ke iya yi wa matasa, kuma ya faɗe shi cikin raha. Toula kuma labarin fari ne, da yarinyar da aka ce sai an sadaukar da ita kafin ruwa ya samu. Akwai Djingarey Maïga da jerin finafinansa, akwai Damouré Zika da abokansa a Cocorico Monsieur Poulet na 1974, masu yawon sayen kaji a wata tsohuwar mota da ba ta rabuwa da lalacewa. A fagen wasan kwaikwayo na Hausa kuwa, Yazi Dogo ya sa 'yan Nijar dariya a dandamali da talabijin tun kafin a san Ibro.

Kuma aikin bai tsaya ba. Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta, wanda ya fito a 2016, labarin wata 'yar gidan sarautar Damagaram ce da ta dawo daga karatu a Faransa, kuma shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi L'Arbre sans fruit a kan halin da macen da ba ta haihu ba take shiga, ta fara da kanta, ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a 2016. A 2021 ta fitar da Zinder, inda ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da samarin da gari ke tsoro, suka yi mata magana da Hausarsu ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Me ya hana waɗannan isa wayoyin Zabori? Tsofaffin an ɗauke su ne a kan zaren silima, kwafinsu masu kyau da yawa suna ajiye a Turai. An fi nuna su a bukukuwan fim da cibiyoyin al'adu na manyan birane. Wasu da Zabarmanci suke, wasu da Faransanci, fassarar da ke ƙasan allo kuma sai wanda ya yi boko. Gidajen silima na da sun rufe, kuma ba a samu kasuwar kaset irin ta Ƙofar Wambai da za ta ɗauke su ta kai ƙauye ba. Kano ta yi fim don kasuwa, ta bi mai saye har rumfarsa. Finafinan Yamai sun ci kyaututtuka a waje, suka tsaya can.

Ma'aunin zaɓe

Son jarumi ba a yi masa doka, kowa da gwaninsa. Amma cewa fim kaza wajibi ne a gani magana ce da ke buƙatar ma'auni, kuma tambayoyi uku sun isa. Idan aka cire waƙoƙin da kyawun fuskokin, akwai labarin da zai tsaya da ƙafarsa? Bayan shekara goma, idan aka sake kunna shi, zai riƙe mutum ya zauna har ƙarshe? Sannan ya nuna wa mai kallo wani abu game da rayuwarsa, ko ta wasu, wanda bai lura da shi ba a da?

Da wannan ma'auni, jerin da ya dace da mai kallo na wannan yanki zai ɗauki Mother India da Sholay daga Indiya. Zai ɗauki Sangaya saboda shi ya buɗe zamani, da Wasila saboda ƙarfin halin taɓa abin da ake ɓoyewa, da Ga Duhu Ga Haske, da zangon farko na Kwana Casa'in, da kowane ɗaya daga cikin finafinan Ibro na lokacin da yake kan ƙarfinsa. Zai sa The Milkmaid na 2020, wanda aka yi da Hausa a kan 'yan mata biyu da masu tayar da ƙayar baya suka tarwatsa rayuwarsu, Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi. Kuma ba zai cika ba sai da Cabascabo, da Le Wazzou polygame, da Le Retour d'un aventurier, da Zinder. Waɗannan huɗun ba don kishin ƙasa kawai suka shiga ba. Sun ci jarrabawar tambayoyin uku kamar sauran, wasunsu ma sun fi.

Abin da ya rage aiki ne, kuma an riga an ga yadda ake yin sa. Idan ɗakin fassara a Kano zai iya sa jarumin kudancin Indiya ya yi Hausa har yaran Dosso su haddace maganarsa, babu abin da zai hana a yi wa Oumarou Ganda da Moustapha Alassane haka. Ya kamata cibiyar kula da harkar silima ta Nijar da Télé Sahel su nemi izinin masu haƙƙin waɗannan finafinai, a samo kwafi masu kyau, a juya su zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a nuna su a talabijin, sannan a sake su ga masu tura fim na Gaya da Dioundiou da Zabori a girman da ƙaramar waya za ta iya ɗauka. Malaman makarantu da ƙungiyoyin matasa na jihar Dosso su ma suna iya fara nema tun yanzu, su shirya daren kallo a filin makaranta, domin yaran da suka san Prabhas da Ali Nuhu su san Zalika Souley.